Longevity: kalmar da na gaji da gyara wa mutane

Wallahi na gaji da gyara wannan kalmar. Sana'ata ɗab'i ce da fassara, banna da kalanda da katin biki da takardun ƙungiyoyi da furojet ɗin ɗalibai duk ta hannuna suke bi, kuma a duk kalmomin Turancin da ake kawo min a karye babu wadda ta kai longevity shan wahala. Yaran da nake koya wa aiki a shago su yi kuskuren, kwastoma mai digiri biyu ya yi shi, masu taya juna murnar zagayowar ranar haihuwa a Facebook da WhatsApp su yi shi, kuma abin haushin kuskuren iri ɗaya ne kullum, wani ya gani a wajen wani ya kwafa ya tura gaba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, wanda ya karanta ya huta ni ma in huta.

Ma'anarta dai a taƙaice tsawon rai, ko daɗewar wani abu fiye da yadda aka saba gani. Suna ce, ba sifa ba ce kuma ba aikatau ba ce. Asalinta daga Latin ne, longus wato dogo, da aevum wato zamani ko shekaru. Ka riƙe wannan asalin domin shi zai cece ka a wajen rubutu.

Kuskuren rubuta ta kuwa shi ne na farko, kuma shi ne ya taɓa cin kuɗina har na kasa barci. Babu wata kalma wai ita "longetivity". Babu ita. Ka buɗe duk ƙamus ɗin da ka ga dama ba za ka same ta ba, amma ka shiga intanet yanzu ka ga yadda 'yan Najeriya suka cika ko'ina da ita, har da mutanen da kake jin kunyar ka yi musu gyara. Ni abin da ya same ni, an yi wa wani babban mutum naɗin sarauta, 'yan kwamitin biki suka ba ni aikin banna manya da kalanda da ɗan littafin shirye-shirye, ɗaya daga cikinsu ya turo min kalaman da za a sa ta WhatsApp, a ciki akwai addu'ar good health and longetivity, ni kuma aiki ya yi min yawa, na kwafa na liƙa a CorelDraw na mayar da shi manyan baƙaƙe na kawata shi da ruwan gwal, na tura musu suka ce ya yi kyau a buga. Aka buga. Ana gobe biki aka ɗaura babbar bannar a jikin rumfa, kalmar nan ga ta ɓaro-ɓaro kowane harafi ya kai tafin hannu, sai ɗan mai sarautar da ya zo daga wajen karatu ya tsaya ya kalla ya ce wa ya rubuta wannan. Ka san me 'yan kwamiti suka ce? Mai firintin ne. Wanda ya turo min rubutun da hannunsa ko tari bai yi ba. A daren na sake buga banna da kuɗina, kalandar kuwa an riga an raba wasu, sauran aka dawo min da su a kwali, cikon kuɗina har yau ban gan shi ba, kuma gidan ba su sake ba ni aiki ba alhali a da duk bikinsu ni ne.

Ban ce laifinsu ne su kaɗai ba, wanda ya buga shi ne mai alhakin abin da ya fita daga injinsa, wannan na yarda da shi tun a daren. Amma ina so ku gane daga ina cutar take. Kunnenmu ya saba da activity, creativity, productivity, sensitivity, duk suna ƙarewa da tivity, sai baki ya ja longevity ya kai ta cikin danginsu da ƙarfi. To waɗancan kowacce tana da uwa, active ta haifi activity, creative ta haifi creativity, productive ta haifi productivity. Ina "longetive" take? Babu. Ita longevity long ce, sai ev ɗin nan da ya taso daga aevum, sai ity. Harafi tara. T guda ɗaya tak, kuma can kusa da ƙarshe take. Gaɓa huɗu, ba biyar ba. Duk yaron da ya zo koyon aiki wajena sai na sa shi ya ƙirga gaɓoɓin da yatsa, in ya ga babban yatsa ya shigo lissafi to ya san ya ƙara abin da babu. Haka su longivity da longavity da longtivity, duk tarkace ne, wasalin tsakiya e ne.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, Microsoft Word yadda yake zuwa ba ya ja wa kalmar da aka rubuta da manyan baƙaƙe zalla jan layi, tsallake ta yake yi sai in kai ka shiga ka canza saitin. To mu kuma banna da kanun takarda duk da manyan baƙaƙe muke yin su, ka ga inda aka fi buƙatar gyaran nan ne kwamfuta take yin shiru. Ɗabi'ata tun daga lokacin, duk rubutun da kwastoma ya turo sai na fara zuba shi a Word da ƙananan baƙaƙe na ga abin da ya yi ja, sannan ya wuce wajen zane, sannan in fitar da samfuri a farar takarda kwastoma ya karanta ya sa hannu. Wasu suna jin haushi wai ina ɓata musu lokaci. Su ji.

Furuci kuma, g ɗin nan j ce. Lon-je-vi-ti, kuma nauyin muryar a kan je yake. Mutane suna ganin long a farko sai su ce lon-ge da g irin ta gero, a'a, irin ta general ce da gentle. Ɗaliban da za su rubuta WAEC ku lura, a takardar furuci ana tambayar inda nauyin kalma yake, kuma kalmomin da suka ƙare da ity nauyinsu yana kan gaɓar da take daf da ity ɗin, ability a kan bi, activity a kan ti, longevity a kan ge. Wannan ƙa'idar kaɗai ta isa ta samo maka maki. Maganar v kuwa, Hausa ba ta da ita shi ya sa muke cewa lonjebiti, ka ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ta fito, amma ni wannan bai dame ni sosai ba, ko ka ce b za a gane ka, g ɗin ce take sa mai sauraro ya ce me ka ce.

Yanzu ga wanda ya fi na bannar ciwo, domin banna kuɗi ne kawai, wannan kuwa mutane na ɓata wa rai kuma na ɓata aikin da aka yi don ceton yara. Turanci yana da kalmomi uku da mu duk muke jefa su a kwando ɗaya mu ce tsawon rai: longevity, lifespan, da life expectancy. Ba abu ɗaya ba ne ko kaɗan. Wata ƙungiya mai aikin lafiyar mata da ƙananan yara ta ba ni fassarar wani shiri da za a sa wa mutane a ƙauyuka su saurara a tattauna, a ciki akwai jimlar da ta kawo life expectancy na Najeriya, shekara 50 da 'yan kai. Ni a kaina a lokacin wannan da longevity duk ɗaya ne, sai na fassara cewa tsawon ran ɗan Najeriya ba ya wuce shekara 50 da 'yan kai. Aka naɗa, aka kai ƙauye, aka kunna a gaban dattawa waɗanda wasunsu sun haura 80 suna zaune a kan tabarma da carbinsu. Ma'aikaciyar da ta je ita ta ba ni labari, ta ce wani tsoho ya ɗaga hannu ya ce 'yata, mu da muke zaune a nan fatalwa ne? Wani kuma ya ce wannan shiga hurumin Allah ne, wa ya ba su ilimin ajalin mutane, ya kaɗe rigarsa ya tashi, mutane suka bi shi. Maganar rigakafi da awon ciki da aka je dominta ko farawa ba a yi ba. Ƙungiyar ta ba wani ya duba fassarar, ya nuna musu inda matsalar take, daga nan ba su sake kirana ba, kuma gaskiyarsu.

Don Allah ku tsaya ku fahimci wannan, musamman 'yan jarida da masu fassara da masu gabatar da shiri a rediyo, domin har gobe ina jin ana maimaita shi. Life expectancy lissafi ne na matsakaici. Ana duba yadda mutane suke mutuwa a kowane rukunin shekaru a ƙasa, sai a ce jaririn da aka haifa yau, in yanayin bai canza ba, a matsakaici shekara kaza zai yi. Ba iyaka ba ce da aka gindaya wa kowa. Ɗauki yara biyu, ɗaya ya rasu ranar suna, ɗaya ya rayu shekara 90, matsakaicinsu 45 ne, alhali a cikinsu babu wanda ya mutu yana 45. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya suna sa Najeriya a wajen shekara 54, Japan kuma wajen 84, kuma babban abin da yake jan namu ƙasa shi ne mutuwar ƙananan yara, domin a ƙasar nan fiye da yaro 1 cikin 10 ba ya kaiwa shekara 5. Ka ga ashe lambar nan ba tana cewa tsoho ya shirya ba ne, tana cewa jarirai suna mutuwa ne, zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ciwon huhu da tamowa da matsalar haihuwa. Da na fassara ta daidai, dattawan nan su ne za su fara gyaɗa kai, domin babu wanda bai binne jika ba a cikinsu. Fassarata ta mayar da maganar tausayi ta zama rashin kunya.

Yadda nake yi yanzu, ba na ƙoƙarin matse life expectancy a kalma biyu. Ina rubuta matsakaicin shekarun da ake hasashen jariri zai yi a duniya, in kuma shiri ne na sauraro sai na roƙi a ƙara jimla ɗaya da take bayyana cewa mutuwar yara ce take rage shi. Ya yi tsawo, eh, amma ba ya tayar da taro. Na san wasu masu fassarar suna cewa hasashen tsawon rai, ban hana su ba, ni dai ba na sakin kalmar matsakaici.

Lifespan kuma adadin lokacin da abu ya yi ko yake iya yi a raye ne, gajere ne ko dogo ba ruwanta. Sauro yana da lifespan, 'yan makonni ne. Kunkuru yana da shi, wasu irinsu suna haura shekara 100. Amma in za ka yi maganar longevity kunkurun za ka nufa, domin ita a maganar yau da kullum tana ɗauke da ma'anar an daɗe. Jeanne Calment, 'yar garin Arles a Faransa, an haife ta 1875 ta rasu 1997 tana da shekara 122, ita ce wadda ta fi kowa daɗewa a cikin waɗanda aka tabbatar da shekarunsu da takardu. A maza kuma Jiroemon Kimura na Japan ne, ya rasu 2013 yana da 116. Irin waɗannan ake cewa remarkable longevity, ko a tambayi the secret of her longevity. A littattafan kimiyyar halittu za ka iya cin karo da inda suka yi amfani da longevity a matsayin tsawon kwana kawai ko da gajere ne, wannan yarensu ne na cikin gida, kai da kake rubuta wasiƙa ko insha'i kada ka rubuta short longevity, ka ce short lifespan.

Sai maganar addu'a, inda nan ne aka fi yawan amfani da ita a wajenmu kuma nan ne ba ta dace ba. I wish you longevity. More longevity sir. Long life and longevity. Wannan na ƙarshen ma maimaici ne, ka ce tsawon rai da tsawon rai kenan. Na farkon nahawunsa bai karye ba, amma kalmar ta likitoci ce da masu bincike da 'yan inshora, kalma ce ta mai kallon abu daga gefe yana aunawa, sa ta a gaisuwar zagayowar haihuwa kamar sa kwat da taye ne ka tafi gidan suna. Masu harshen abin da suke cewa shi ne many happy returns, ko wishing you many more years, ko a long and healthy life. Long life and prosperity da muke taƙaitawa LLNP namu ne na Najeriya, a tsakaninmu ba laifi kowa ya gane, kuma ya fi longevity ɗumi nesa ba kusa ba.

Kuma ni fa ban gane dalilin wahalar ba. Haba 'yan'uwa. Mutumin da za ka taya murna Bahaushe, kai Bahaushe, masu karantawa Hausawa, harshenka cike yake da addu'ar da ta fi wannan nauyi, Allah ya ƙaro shekaru masu albarka, Allah ya ja kwana, Allah ya ba da tsawon rai mai amfani, Allah ya ja zamanin sarki, amma sai ka tsallake duk wannan ka je ka ɗauko kalmar da ba ka iya rubutawa ba don a ce ka yi boko. Wa kake burgewa? Mahaifinka da kake sa hotonsa a sitatus, in ka karanta masa more longetivity baba me zai ji a ransa? Kuma ku lura addu'armu ba ta tsayawa a tsawon kawai, kullum sai mun haɗa da albarka ko amfani ko lafiya, ita kuwa longevity tsawon kawai ta sani. Ni a shagona in kwastoma ya kawo addu'a da Turanci nakan tambaye shi ko in sa ta Hausa a ƙasa, da yawa in suka ga biyun a jere da kansu suke cewa a cire ta Turancin.

Ranka ya daɗe ba a fassara shi da longevity, girmamawa ce, in sarki ne Your Highness, in babba ne kawai Sir ya isa. Long live da v ake rubuta shi in kirari ne, long live the Emir, long live Nigeria. Long life da f suna ne. Long leave kuwa dogon hutu ka ba mutum, kuma na sha ganinsa a jikin motar kamfen.

Nisan kwana ma ba longevity ba ne. Mota ta yi kundunbala a hanya mutum ya fito ba ko ƙwarzane mu ce ya yi nisan kwana, ko kwanansa na gaba, wannan survived ne, ko a lucky escape. Saurayi ɗan shekara 20 yana iya yin nisan kwana yau.

Tsufa old age ne. He died of longevity ba magana ba ce, died of old age ake cewa.

Ba a cewa "a longevity", ba a yi mata jam'i a rubutun yau da kullum. Ba a cewa he is longevity ko very longevity, sifar ita ce long-lived. Akwai longevous a manyan ƙamusai, ka bar ta a can, ba mai amfani da ita. In aikatau kake nema prolong ne ko extend. Longitude kuma ta darasin labarin ƙasa ce, layukan taswira, ba abin da ya haɗa su sai long ɗin farko.

Inda kalmar take zama daram, kuma mutanenmu ba su cika kai ta can ba, shi ne daɗewa a kan aiki ko mulki ko sana'a. Sarkin Musulmi Abubakar na III ya yi daga 1938 zuwa 1988. Sarkin Kano Ado Bayero daga 1963 zuwa 2014. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta II daga 1952 zuwa 2022, shekara 70. Masu kallon ƙwallo kuma ga Alex Ferguson a Manchester United daga 1986 zuwa 2013, ga Roger Milla na Kamaru da ya ci ƙwallo a gasar cin kofin duniya ta 1994 yana da shekara 42. Duk waɗannan longevity ne, kuma in ka saurari masu sharhin ƙwallo da Turanci za ka ji suna yawan faɗinta a kan Cristiano Ronaldo. Amma ka fayyace wanne kake nufi. In ka ce the Emir's longevity kawai, mai karatu zai iya ɗauka shekarunsa na duniya kake nufi, in sarautar ce ka ce the longevity of his reign. Ɗalibai masu rubuta furojet a kan masarautu kullum sai na yi musu wannan gyaran, wasu su karɓa wasu su ce haka malaminsu ya sa hannu.

Kada kuma ka haɗa ta da tazarce. Abin da aka yi ta rigima a kansa a 2006, lokacin da majalisar dattawa ta yi watsi da gyaran tsarin mulkin da zai ba Obasanjo damar zango na uku, jaridun Najeriya third term suka kira shi ko tenure elongation. Elongation akwai ma'anar an ja abu an ƙara masa tsawo. Longevity ba ta zargin kowa kuma ba ta yabon kowa, ta ce an daɗe ne kawai, shi ya sa za ka ga an rubuta political longevity a kan Paul Biya da yake mulkin Kamaru tun 1982, mai son sa da mai ƙin sa duk za su iya amfani da ita. In zargi kake son yi ka nemi kalmar zargi, kada ka ɗauka wannan ta yi maka aikin.

'Yan kasuwa ku ma ku matso. Masu sayar da turare a Instagram da WhatsApp, hajiyoyi masu humra da turaren wuta da na mai, kun fi kowa amfani da kalmar nan yanzu, kuma a nan kun yi daidai, a harkar turare longevity ita ce awa nawa ƙamshin yake yi a jiki ko a kaya kafin ya gushe, abin da muke cewa yana kama jiki. Projection kuma nisan da ƙamshin yake kaiwa. Turare yana iya cika ɗaki ya gushe kafin azahar, wani kuma sai an matso kusa za a ji shi amma har gobe yana jikin mayafi, to kada ku riƙa musanya su. Rubutun dai Hajiya, T ɗaya, domin sitikar da za a liƙa a kwalba ɗari-ɗari ba a goge ta.

Masu waya da sola, battery life awannin da batir yake yi kafin a sake caji ne, shekarun da zai yi kafin ya mutu gaba ɗaya kuma lifespan ne ko longevity. Kwastoma ya tambaye ka ɗaya ka ba shi amsar ɗaya, rigima ce a gaba. Ƙarko irin na takalmi ko atamfa ko tukunya, wato jure wahala da wanki da faɗuwa, durability ya fi dacewa. Magani da abincin gwangwani shelf life ne.

Akwai kuma wadda take tayar wa dattawa hankali a takardun fansho, longevity risk. Wani dattijo da ya yi ritaya ya kawo min takardu in karanta masa, da na zo wajen ya ce ɗana, yanzu tsawon ran ne ya zama haɗari? Na ce Baba ba haka suke nufi ba, suna nufin yiwuwar mutum ya rayu har kuɗin da ya tara su ƙare ya bar shi ba komai. A tsarin fanshon da aka kawo a 2004 aka sake gyara shi a 2014, mai ritaya yana zaɓar ko kamfanin fanshonsa ya riƙa yanko masa daga asusunsa wata-wata, ko ya sayi tsarin da kamfanin inshora zai riƙa biyansa har ƙarshen ransa, kuma wannan kalmar tana tsakiyar bambancin biyun. Duk wanda yake fassara wa iyayenmu irin wannan takardar ya ji tsoron Allah ya yi bayani a hankali, kada ya ce haɗarin tsawon rai ya wuce, domin a kan abin da ka faɗa masa zai sa hannu kuma abincin sauran rayuwarsa ne.

Na bar masu maganin gargajiya da masu kayan ƙarin lafiya a ƙarshe domin da su nake fama a 'yan kwanakin nan. Kalmar ta zama ta talla a duniya, ko'ina longevity tea, longevity capsule, longevity formula, namu ma sun gani sun ɗauka. Mutum ya zo da garin da ya daka a gida a leda ya ce in zana masa sitika in rubuta for longevity da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma jerin cututtuka tun daga basir har ciwon suga. In na tambaye shi me kalmar take nufi sai ya ce ai ƙarfin jiki ne. Ba ƙarfin jiki ba ne malam, alƙawarin tsawon rai kake yi wa mutane a jikin kwalba, kai da kanka in aka ce ka faɗa da Hausa cewa wannan garin yana ƙara kwana ba za ka iya ba, bakinka zai yi nauyi, to don an sa da Turanci bai canza ba. Ni ba na buga irin wannan. In kana da lambar NAFDAC ka kawo in gani, mu rubuta abin da aka yi wa rajista a kai, sannan mu yi maganar kuɗin aiki. In babu, ga shaguna nan da yawa a layin.